Hamida da Mai Shuka Ciyawa

Ranar da Hamida ta fara ganin Abdulbasit, da hoge a hannunta ta gan shi, tana shirin jifa.

Da hantsi ta iso ɗan lambunta da ke gefen tsohuwar gonar mahaifinta, bayan garin Ƙaura, ta hanyar Shinkafi. Kuɓewa da yakuwa da rama ta shuka tun ruwan farko, har ta yi wa matan unguwarsu alkawarin kuɓewar fari. Tana zagayo dargazar da ke bakin hanya sai ta tarar da tumaki sun fi goma a ciki, kowace ta duƙufa tana yagar ganye hankali kwance.

Ta ɗaga hannu ke nan wani dogon saurayi ya tsallako shinge da gudu, da takalmin ruwa da wata hular malafa da ta sha rana. Ko kallonta bai yi ba. Ya wuce ta, ya durƙusa gaban wata farar tunkiya mai baƙin kai, ya shiga latsa mata ciki.

"Malam," in ji Hamida, "ni ce mai lambun."

"Sannu. Don Allah sun daɗe a ciki? Ɗanyen ganye da raɓa yana kumbura musu ciki."

Ta dube shi, ta dubi kuɓewarta da ta koma tsinke. Ta ce masa ba ta riƙe musu agogo ba, kuma in cikin ya kumbura, to, hakkinta ne. Sai a lokacin ya ɗago, ya ga ɓarnar, ya gan ta. Ya cire malafar ya riƙe a ƙirji, ya fara ba da haƙuri, kalma tana tuntuɓe da kalma. Da a nan ya tsaya, da ta huce. Amma sai ya zarce da bayani: wai laifin ɗaki na uku ne, ƙayar da ya yi shingen da ita ba ta zauna ba.

Ta waiga inda yake nunawa. Gonar Babanta, wadda ta gaji har ciyawar wuta-wuta ta cinye ta aka daina nomawa, an yayyanka ta gida-gida da kara da ƙaya da guntayen waya. A wasu gidajen ciyawa ta fito layi-layi, kamar shuka.

"Shuka ce," ya ce, da ya ga inda take kallo. "Gamba da kyasuwa na shuka."

Hamida ta jefar da hogen. Ta ga bai kamata a jefi wanda ke shuka ciyawa a damina ba, addu'a yake buƙata.

A gida Inna Suwaiba, mahaifiyarta, ta gaya mata sauran. Yaron ɗan wajen Moriki ne. 'Yan bindiga sun kore musu shanu gaba ɗaya, baƙin cikin abin ya kwantar da mahaifinsa har ya rasu, uwarsa ta koma wajen danginta a Zurmi. Tumakin nan su ne suka rage. Wani aminin Baba ya roƙa masa aron gonar, Baba ya ba shi, a zatonsa wake zai zuba.

Washegari ta tarar an zagaye lambunta da sabon shinge, an ɗaure shi tam. A ƙofar kuma ga buhu biyu na takin tumaki. Shi yana tsaye daga nesa yana murmushi, kamar wanda ya kawo lefe. Ƙawayenta samari na kawo musu turare da atamfa, ita ga abin da ta samu. Ta karɓa dai, don takin mai kyau ne. Ta kuma ba shi lambar wayarta, ta ce don ta samu inda za ta riƙa kai ƙara.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum. Abdulbasit ne mai tumaki. Na toshe kafar da sunka fita. In kin ga wata ta leƙo, ki kira ni kafin ki jefe ta."

Ta rubuta masa: "Wa alaikumus salam. Zan jefa, sannan in kira."

"Na gode. Ki jefi baƙar, ita ce mai jan sauran."

Ta yi tsaki, ta kifa wayar. Can kuma ta ɗauka ta sake karantawa.

Da haka aka fara. Ta sake shuka kuɓewa, shi kuma kullum sai ya sami dalilin zuwa bakin shinge. Ba ta tambaye shi ba, amma sai da ta san komai. Tumaki ba sa wuce 'yan kwanaki a ɗaki guda, kafin su ci ciyawa har saiwa sai ya buɗe musu na gaba. Wanda suka bari ya huta, kashinsu ya zama taki, ciyawa ta sake tofowa, ƙwan tsutsar ciki ya mutu kafin su zagayo. A waya ya fara ganin abin, ya je ya dami wani malamin gona da tambaya har mutumin ya fara ɓuya. Ta san bambancin Uda da Balami. Ta san ranar da ake ba su kanwa. Rannan tana tsakiyar tuƙa tuwo ta kama kanta tana tunanin ko ɗaki na biyar ya isa shiga, ta yi wurgi da muciya don haushi.

Sau ɗaya kawai ya yi maganar da ba ta katse shi ba. Ta tambaye shi me ya hana shi kai su daji kamar kowa, ya huta da wannan wahalar. Ya daɗe yana murza wani zaren ciyawa a yatsa.

"Na bi sawun shanunmu har inda sawun ya ƙare," ya ce. "Na dawo da igiya kaɗai. Tun ranar na ce duk abin da zan kiwata, sai inda idona ke ganin shi, inda in anka kira salla ina ji."

Da za ta tafi ta ajiye masa kwanon dambun da ta zo da shi don kanta.

Daga nan saƙonnin suka canza kama, ko da yake ba su bar gona ba.

"Yabanyata, kin tashi lafiya? Yau da na hango ki tafe sai na ji kamar ranar da anka yi ruwan farko."

"Sarkin Ciyawa, mutane na ce wa 'yan matansu zinariya, tauraruwa. Ni yabanya?"

"Zinariya ba ta girma. Ke kullum ƙaruwa kike a raina."

"To na ji. Ka ci abinci?"

"Zan ci in na ba su ruwa."

"Allah ya shirye ka."

Inna ta gane, don Hamida ta fara sa kwalli in za ta je cire ciyawa. Ita ce ta kai maganar gaban Alhaji Maitama, mahaifin Hamida, wanda ya yi shekaru yana fataucin hatsi tsakanin Ƙaura da Shinkafi, mutum mai son magana gajera. Ya ce a turo masa yaron.

Hamida ta yi wa Abdulbasit huɗuba kamar mai shirya ɗalibi. Ya sa manyan kaya. Ya gaisa, ya yi shiru. In an tambaye shi sana'a ya ce kiwo, ya tsaya nan. Kada ya ambaci ɗaki, kada ya ambaci tsutsa. Ya yi mata alkawari.

Ta laɓe bayan ƙofar zaure tana ji. Gaisuwa ta tafi daidai. Baba ya tambayi asalinsa, ya faɗa. Sai Baba ya ce ya ji wai ciyawa ake shukawa a gonarsa, gonar da kakansa ya sare da gatari, shin gaskiya ne? Hamida ta runtse ido. Ta ji Abdulbasit ya gyara zama. Ta ji ya nemi a ba shi tsinken tsintsiya. Da ta leƙa, yana durƙushe a ƙasan zauren da sabuwar shaddarsa yana zana ɗakuna, yana nuna wa Alhaji Maitama yadda tsutsa ke fita daga kashin tunkiya ta hau ganye.

Baba ya bar shi ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Yaro, mutane na neman gero su ci, kai kana noman abin da muke biyan lada a cire. In an yi kaka ka kwashe ƙayarka ka ba ni gonata. Ɗiyata kuma ba tunkiya ba ce, ba ta cin gamba."

Ba a yi mako ba Sanusi ya bayyana. Ɗan abokin kasuwancin Baba ne daga Shinkafi, dillalin filaye, mai mota da ƙamshin turaren da ke riga shi shiga zaure. In ya zo zance, labarinsa yake bayarwa: filin da ya sayar, wanda ya saya, babban mutumin da ya kira shi a waya. Hamida ta lura ko sau ɗaya bai tambaye ta me take so ba. Ɗaya ya cika ta da ciyawa, ɗaya ya cika ta da fuloti, ta rasa wane laifi ta yi wa maza. Bambancin dai shi ne in Sanusi ya tafi, ba ta tuna ko kalma ɗaya.

Shi ne ya ba Baba shawarar a yanka gonar fuloti-fuloti, tunda gari ya matso. Shi ne kuma ya jefa wata magana, cikin dariya-dariya, cewa a wannan zamani duk wanda ya fito daga wancan dajin da dabbobi a hannu, alhali na kowa sun tafi, ya kamata a tambayi yadda aka yi nasa suka tsira. Inna ta ce ranar Baba bai ci tuwon kirki ba.

Hamida ta sami Abdulbasit a gona da la'asar, ranta a ɓace. Ba ta gaya masa maganar Sanusi ba, ta san za ta yi masa ciwo. Ta ce dai ya yi wa Allah ya tuge rabin ciyawar nan ya zuba wake, ko don Baba ya ga alamar hankali. Ya ce in ya rage ɗakunan, tumaki za su dawo kan ciyawa kafin ta huta, komai ya rushe. Ta ce to ya rage tumakin. Ya ce shida suna da ciki. Ta ce ita fa ana shirin ba da ita ga wani, shi yana ƙirga masu ciki.

"Hamida, in na rushe wannan don a ba ni ke, da mi zan riƙe ki?"

"Sai ka riƙe tumakinka. Su ne ba su gajiya da kai."

Ta juya ta tafi. Ya kira sunanta, ba ta waiga ba. Har ta kai gida tana sa ran saƙo, ta ma shirya amsar da za ta ba shi, mai zafi. Saƙo bai zo ba.

Washegari ma bai zo ba. Ta daure har azahar, ta kira, aka ce wayar a kashe take. Ta je lambu kamar mai duba kuɓewa, ta tarar da Malam Sodangi, dattijon da gonarsa ke maƙwabtaka da tasu, yana zuba wa tumakin ruwa. Ya ce da asuba yaron ya buga masa ƙofa a gigice, ya ce zai je Zurmi ya dawo kafin magariba, bai faɗi dalili ba. Ga shi bai dawo ba. Shi dai ruwa aka ce ya bayar, ruwa yake bayarwa.

Da yamma labari ya zo cewa an tare hanyar Zurmi, direbobi sun ajiye motoci, sabis ma ya ɗauke a can. Hamida ta shiga tsakanin tsoro da fushi, ta rasa wanda za ta kama. In ta tuna hanyar sai gabanta ya faɗi. In ta tuna ya iya buga ƙofar Malam Sodangi saboda tumaki amma bai iya rubuta mata kalma biyu ba, sai ta ce ashe dai ya zaɓa. Ta tura saƙo duk da ta san ba zai shiga ba.

"Ban damu ba. Ina dai so in san kana raye, don in ci gaba da fushina da hujja."

Kwanaki suka shuɗe. Tumakin suna nan a ɗaki na shida, sun cinye ciyawar har ƙasa ta fito, suna ta kuka suna tura kai cikin ƙaya. Ta yi wa Malam Sodangi magana, ya ce shi bai gane wannan wasan yaran ba, in ta ga dama ya buɗe duka shingayen su ci inda suke so, kamar yadda Allah ya halicce su. Ta ce kada ya taɓa. Ta koma lambunta ta ce ba ruwanta. Ta tsinki kuɓewa uku, baƙar tunkiyar ta zuba mata ido tana kuka. Hamida ta ajiye kwando, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana faɗa ita kaɗai, ta tsallaka.

Ta san na bakwai ne ke biye, don an gaya mata fiye da yadda take buƙata. Tana kiciniyar kwance wayar ƙofar sai ga motar Sanusi ta tsaya a bakin hanya. Shi da Baba ne, sun zo ganin inda za a ja layin fuloti. Baba ya tsaya turus da ya ga 'yarsa cikin tumaki, zane duk laka.

Sanusi ya ce bari ya taimaka. Kafin ta hana shi, ya kama ƙofar da ta fi kusa da shi, ta ɗaki na ɗaya, da yatsa biyu don kada ƙaya ta kama masa riga, ya ja. Ɗakin ya ɗan jima ba a shiga ba, ga ruwan safe bai bushe a ganyen ba. Tumakin da suka kwana da yunwa suka yi ciki a guje. Wani ragon Balami ya bi ta kan Hamida, ta faɗi kan gwiwar hannu.

"Baba, a fitar da su," ta ce tun kafin ta tashi. "Da yunwa suke, ciyawar jiƙe take, cikinsu zai kumbura. Akwai masu ciki."

Alhaji Maitama ya dubi Sanusi, Sanusi ya ja da baya yana kakkaɓe hannun riga. Baba ya yi tsaki mai tsawo, ya naɗe babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya tuɓe takalmi. Rabonsa da bin dabba tun yana saurayi, amma ƙafa ba ta manta ba. Shi ta nan, Hamida ta can, Malam Sodangi yana daga tsakiya da sanda yana ba da umarnin da ba mai bi. Baba yana kora yana faɗa: shi da girmansa, da gemunsa, an mai da shi makiyayin wani ɗan Moriki. Sai da suka jiƙe sharkaf da gumi kafin tunkiyar ƙarshe ta koma, Hamida ta yanko musu ciyawa kaɗan ta baza a rana ta sha iska.

Baba ya tsaya yana haki a tsakiyar ɗaki na ɗaya. Gamba ta kai masa gwiwa. Ya sunkuya ya damƙi ƙasa, ya murza, ya zubar.

Sanusi ne ya yi magana daga inda yake tsaye a busasshiyar ƙasa. Ya ce ai ga shi ta fito fili: mutum ya ɓace ranar da aka tare hanya, ya bar kayansa, kowa ya san wajen su wa ya tafi.

Hamida ta juyo, hannunta na zubar da jini. Ba ta taɓa ɗaga murya gaban mahaifinta ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, ka gafarce ni. Mutumin nan ya fi kowa ba ni haushi a duniya. Amma wanda ke tashi ya duba cikin tunkiya kafin ya karya, ba shi ne zai haɗa kai da waɗanda sunka kashe mai uba da baƙin ciki ba. In ƙarya nike, a je a bincika."

Baba ya dube ta. Sannan ya ce wa Sanusi ya gode, ya tafi kawai, shi zai taka da ƙafa.

Ranar da aka buɗe hanya, Alhaji Maitama ya bi ayarin motocin farko zuwa Zurmi. Bai gaya wa kowa ba sai Inna. Hamida ta wuni tana kai da komo tsakanin gida da gona, ta mai da tumakin ɗaki na takwas, ta ƙone miya, ta yi wa kowa faɗa.

Abin da ya gani, daga bakin Inna ta ji shi daga baya. Ya yi tambaya har aka kai shi asibiti. A bayan ɗakin mata ya tarar da Abdulbasit a tsugune gaban bokiti, yana wanke zannuwan mahaifiyarsa, Iyatu, wadda zazzaɓi mai tsanani ya kayar har ba ta gane mutane. Ba shi da 'yar'uwa mace, shi ke juya ta, shi ke ba ta kunu a cokali. Wayarsa kuwa tun a hanya ta faɗi, lokacin da fasinjoji suka watse cikin gonaki da jin harbi. Baba ya zauna da dangin, ya tambayi dattawan Moriki da ke gudun hijira a garin, kowa ya faɗi alherin gidan. Inna ta ce da ya dawo abin da ya ce kawai shi ne, yaron dai ba ya jin magana, amma wanda ya riƙe uwarsa haka ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba.

Da Iyatu ta fara zama da kanta, Abdulbasit ya dawo. Hamida tana gona ya iso, ya rame, idanu sun faɗa. Ta riga ta rantse in ya fara da tambayar tumaki, to, ita da shi har abada. Ta harɗe hannu tana jira.

Ko kallon garken bai yi ba. Idonsa na kan tabon gwiwar hannunta.

"Yabanyata, Baba ya ce rago ya ture ki. Yana ciwo har yanzu?"

Ta ce ya warke. Ya ba ta haƙuri kan tafiya babu sallama, ya ce ya so ya kira ta in gari ya waye sosai, don ya san da fushi ta kwana. Ya ce a kwanakin nan ya yi tunani, in rabin gonar take so a zuba wake, zai zuba. Ya zuba mata ido. Ta jira. Ya ci gaba da kallonta.

"Wai ba za ka tambayi tumakin ba?" ta ce.

"Ke na zo gani."

"Biyu sun haihu, ɗaya tagwaye. Na raba masu jego da rago. Ɗaki na huɗu bai tofo da kyau ba, ka bar su sun daɗe a ciki tun farko, kada a sake shiga sai ya ƙara hutawa. Kuma ba mai tuge min ciyawa ya zuba wake, bayan wahalar da na sha. Mi kake yi wa dariya?"

Dariyar ta ci ƙarfinsa. Ita ma ta juya baya don kada ya ga bakinta.

Da yamma saƙo ya shigo daga sabuwar lamba.

"Na rasa shanu na ɗauka na rasa komai. Ashe Allah ya ajiye mani rabona a bakin shinge. Za ki aure ni, Hamida?"

"Sai ka tambayi Baba. Kuma in ka je, ka bar tsinke a gida."

Baba bai sauƙaƙa ba. Ya ce gonar aro ce har yanzu, kuma dole a bar masa ɗaki ɗaya ya shuka gero baɗi, a inda tumaki suka fi kwana, ya gani da idonsa. Abdulbasit ya buɗe baki zai yi bayani, ya tuna, ya rufe, ya ce to. Sanusi bai sake zuwa ba, an ce ya sami wani fili a hanyar Gusau. Sabon abin da ya dami Hamida shi ne Baba ya fara biyawa ta gonar kullum da yamma, wai yana duba iyaka. Sai ta hango su biyu a tsugune, suruki da suruki, suna gardama kan ko a ƙara ɗaki na tara, ita kuwa ba mai ce mata sannu.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu. Mutanen Moriki suka zo, na Zurmi suka cika mota biyu, Malam Sodangi ya sha sabuwar hula yana gaya wa kowa cewa a gabansa aka fara komai. Da la'asar aka kai amarya zauren mahaifinta yin sallama. Alhaji Maitama ya fara nasiha da muryarsa ta kasuwa, ya ce ta yi haƙuri, ta rage faɗa, sai ya kasa ƙarasawa. Ya ɗora hannu a kanta kawai.

"Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Allah ya sa gidanki ya zama wurin hutawa."

A ɗan gidan da Abdulbasit ya kama a bakin gari, Iyatu ce ta tarbe ta a ƙofa, tana dogara sanda. Ta kama hannun Hamida da nata hannuwan biyu, ta yi mata addu'a da Fulatanci, doguwa. Hamida ba ta ji ko kalma ɗaya ba sai amin ɗin da ake amsawa, amma hawaye suka zubo mata. Tsohuwar ta sa gefen mayafinta ta share mata, ta juya ta kira ɗanta, ta ɗora hannun amarya a nasa.

"Ga ta nan," ta ce da Hausa. "Bismillah, ku shiga da ƙafar dama."

Suka shiga.